Ƙara wa Farosesa Gudu da Fankar da Ta Zo a Kwali

  

Tambayar da zan yi magana a kanta, kusan duk mai shagon gyara ko haɗa kwamfuta a cikinmu ya taɓa jin ta daga bakin wani matashi da ya tara kuɗi ya haɗa kwamfutar tebur. Zai ce, "Oga, wai zan iya ƙara wa farosesar nan gudu da fankar da ta zo a kwalinta, ba tare da na ƙone ta ba?" Amsar da nake bayarwa ita ce ana iyawa, amma ɗan kaɗan, kuma ba a kowane inji ba. Sharaɗin guda ɗaya ne babba. Ka karɓi duk gudun da farosesar za ta ba ka a kan wutar da take sha tun daga kamfani, ka tsaya nan. Da zarar ta fara neman ƙarin wuta, fankar kwali ta gaza, balle a ƙasa mai zafi irin tamu. Abin da ya rage na bayanina, hujjar wannan magana ce da yadda ake yin abin a aikace.

Farosesa da bugun agogo take aiki. Kowane bugu sai ta matsa taki ɗaya a lissafinta, kuma gigahaz ɗaya bugu biliyan ɗaya ke nan a daƙiƙa. Lamba biyu ake haɗawa a sami wannan gudu. Akwai agogon tushe a kan madabod, wanda a injunan yau yake kan megahaz 100, sannan akwai lambar ninki a cikin farosesar. Ɗari sau 36 ya ba ka megahaz 3600, shi ne gigahaz 3.6 da ke jikin kwalin Ryzen 5 3600. Ka mayar da 36 ta koma 40, ka sami gigahaz 4. Ƙara gudu bai wuce wannan ba a takarda.

Me ya sa ma ake samun rarar da za a ƙara? Saboda ba a yin farosesa ɗaya-ɗaya. A kan faifan silikon guda ake buga su da yawa, a yanka, a gwada, a rarraba. Duk da daga faifai ɗaya suka fito, wata za ta yi gudu mai yawa da wuta kaɗan, wata sai an cika mata. Kamfani kuwa lamba ɗaya yake rubutawa a kwali, lambar da ko mafi raunin cikinsu za ta iya riƙewa har shekara uku na garanti su wuce. In ka dace da mai ƙarfi, kana da rara. In ka faɗa kan mai rauni, ba ka da komai, ko da lambar jikinta ɗaya ce da ta abokinka. Shi ya sa kwafo saitin wani daga bidiyon intanet kuskure ne tun daga tushe. Nasa saitin na tasa farosesar ne, a nasa ɗakin.

A da rarar tana da yawa ƙwarai. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A, mai arha, mai gudun megahaz 300. Lambar ninkinta 4.5 ce a kan agogon tushe na 66. Mutane suka gano cewa in aka ɗaga agogon zuwa 100, sai ta hau 450 ta zauna lafiya, ƙarin rabi ke nan a kyauta. A 2011 aka sami Core i5-2500K mai gigahaz 3.3, wadda masu babbar fanka suka riƙa kai ta 4.5. Waɗannan labaran ne har yau suke sa matasa zumuɗi. Amma kamfanonin sun daɗe da fara cinye rarar da kansu. Intel ta kawo Turbo Boost tun 2008, AMD ta kawo Precision Boost tare da Ryzen a 2017. Farosesar yau tana duba zafinta da wutarta a kowane lokaci, ta ƙara wa kanta gudu in ta ga sarari, ta rage in ta ga babu. Abin da ya rage wa mai hannu ya ɗauka bai kai na da ba ko kusa.

To, bari mu zo kan lissafin da nake so kowa ya tafi da shi gida, domin shi ne ke raba mai gyara da mai ɓarna. Zafin da farosesa ke fitarwa yana tashi daidai da gudunta. Ka ƙara gudu kashi 10 cikin 100, zafi ya ƙaru kashi 10. Amma ƙarfin wuta, wato bolt, sau biyu yake shiga lissafin, bolt sau bolt. Mu ɗauki farosesa mai gudun 3.2 a kan bolt 1.2, tana fitar da wat 80 na zafi. Ka ɗaga ta zuwa 3.6 ba ka taɓa wuta ba. Gudu ya ƙaru da kashi 12 da rabi, zafi ya koma wat 90. Fankar kwali za ta iya da wannan. Sai ka ce kana son 3.8, ita kuma ta ƙi tsayawa sai ka ba ta bolt 1.35. Ku buga a waya. 1.2 sau 1.2 ya ba da 1.44, 1.35 sau 1.35 ya ba da 1.82. Wutar kaɗai ta ƙara zafi da kusan kashi 27. Ka haɗa da ƙarin gudun, sai ka ga wat 80 ya zama 120. Wato megahaz 400 na farko wat 10 suka ci maka, megahaz 200 na ƙarshe kuwa wat 30. Gudun da ka ƙara a matakin ƙarshen nan bai kai kashi 6 ba, ba ma za ka ji shi a hannunka ba, amma zafin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Wannan lissafin bai ma saka wutar da ke zurarewa a cikin silikon ba, wadda take ƙaruwa gwargwadon yadda ya yi zafi, ita ma ta koma zafi.

Yanzu a dubi fankar. Wraith Stealth, wadda ke zuwa da Ryzen 5 2600 da 3600 da 5600, gajeren dunƙulen alminiyam ce da fanka a kai. An rubuta wa waɗannan farosesa wat 65, amma a aikace AMD ta ba su izinin jan fiye da haka idan aiki ya yi nauyi, 3600 ma har wat 88. Ka ga tun kafin ka taɓa komai fankar tana ɗauke da kayan da suka kusa isarta. Wraith Spire da ta zo da Ryzen 5 1600 a 2017 ta fi ta tsayi, ga jan ƙarfe a tsakiyarta, shi ya sa mutane da yawa suka kai waccan farosesa 3.7 ko 3.8 da ita. Wraith Prism ta Ryzen 7 2700X da 3700X ta fi su duka, tana da bututun jan ƙarfe masu kwashe zafi. A ɓangaren Intel kuma akwai zagayayyiyar fankar nan mai ƙafa huɗu da kowa ya sani. Abin lura, tun daga 2015, da fitowar i5-6600K da i7-6700K, Intel ta daina saka fanka a kwalin farosesar da ta buɗe don ƙara gudu. Wanda ya ƙera abin da kansa ya ga cewa ƙaramar fanka ba ta dace da wannan aiki ba.

Akwai wani abu da ba a faɗa a yawancin bidiyon da yaranmu ke kallo, kuma a wurinmu shi ne kan gaba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Zafin farosesa take kwashewa ta zuba a iskar ɗaki. Zafi kuwa kamar ruwan kwata yake, ba ya gudu sai da gangara, kuma gangararsa ita ce tazarar da ke tsakanin zafin farosesa da zafin iskar da fanka ke ja. Mai gwaji a Jamus ko Amurka yana zaune a ɗaki mai digiri 22, farosesarsa ta nuna 72, ya ce lafiya lau. Tazarar 50 ce. Ka ɗauko wannan injin, da wannan saitin, ka ajiye a shago mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato ko Damagaram a watan Afrilu, lokacin da waje ya haura digiri 40, cikin shago a ce 38. Ka ɗora 50 a kan 38, ka sami 88, kuma hakan in babu ƙura ne. Iyakar Ryzen 5 3600 digiri 95 ce, ta Intel da yawa tana wajen 100. In ta isa can ba za ta kama da wuta ba, za ta rage gudu ne da kanta don ta tsira, in abin ya ƙi ta kashe injin. Sai ya zama ka sha wahala ka ƙara gudu, ita kuma tana ragewa a ɓoye, har aikin ya fi na da jinkiri.

Saboda haka wanda ya yi saiti a watan Janairu da safe, hunturu na kaɗawa, ya ga digiri 70 ya yi murna, bai gama gwaji ba. Bazara ce za ta gaya masa gaskiya. Kafin ta zo kuma hunturun ya cika masa injin da ƙura.

Kafin a je ga yadda ake yi, a tantance injin da zai yiwu. Yawancin kwamfutocin tebur na hannu da ake saye a Titin Beirut a Kano ko a Computer Village ta Ikeja, irin Dell OptiPlex da HP da Lenovo na ofis, BIOS ɗinsu a kulle yake, fawa-fak ɗinsu kuma an auna shi daidai da bukata. Waɗannan a ƙyale su. Injuna ne masu juriya, kuma duk wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ce zai ƙara musu gudu bai yi masa adalci ba. A Intel sai farosesa mai harafin K a ƙarshen lambarta, a kan madabod mai cifset na jerin Z, kamar Z77 ko Z97. Masu K da suka zo da fanka a kwali tsofaffin ne, irin 2500K da 3570K da 4690K. A cikinsu 2500K ta fi sanyi, domin daga 2012 Intel ta daina like murfin irin waɗannan farosesa da dalma, ta koma shafa mai a ƙarƙashinsa, sai zafi ya riƙa maƙalewa tun daga ciki. Akwai kuma Pentium G3258 ta 2014, mai ƙwaya biyu da wat 53, wadda take zuwa a 3.2 kuma da yawa suka haura 4 da fankar kwali, saboda dama ba ta fitar da zafi mai yawa. A AMD kusan duk Ryzen a buɗe suke, ban da 'yan kaɗan irin 5800X3D, amma madabod ya zama B350 ko B450 ko B550 ko jerin X. A320 da A520 ba sa ba da wannan dama.

Ku kuma dubi gefen soket, inda ƙananan baƙaƙen sassan nan suke jere. Su ne ke karɓar bolt 12 daga fawa-fak su sauko da shi zuwa ɗaya da ɗoriya da farosesa ke sha. Suna zafi sosai, kuma a madabod mai arha tsirara suke, babu ƙarfen shan zafi a kansu. A nan fankar kwali tana da wata falala da ba a cika yaba mata ba. Da yake ƙasa take hurawa, iskarta tana bazuwa a kan waɗannan sassa ta sanyaya su, abin da doguwar fanka mai hura gefe ba ta yi sosai. Fawa-fak kuwa, wanda ba shi da suna, an manna masa wat 500, ka ɗaga ka ji shi sakayau, kada ka ƙara masa kaya. Ga wutarmu mai hawa da sauka, ga sauyi daga layi zuwa janareta. In babu UPS ko inbata mai kyau, ni dai ba na shiga wannan aiki.

Aikin farko da sukundireba da buroshi ake yinsa, kafin a shiga BIOS. Ka bar injin ya yi aiki na 'yan mintoci don man da ke tsakanin farosesa da fanka ya yi laushi, sannan ka kashe, ka zare filogi. Ka kwance fankar, ka ɗan murɗa ta hagu da dama kafin ka ɗaga. A soket na AM4 da waɗannan Ryzen ke zama a kai, ƙafafun suna jikin farosesar ne, in man ya bushe ka fizga sama, za ta biyo fankar ta fito daga soket ko da a kulle yake, ƙafafu su lanƙwashe. Ka leƙa ƙarƙashin fuka-fukan fankar. Za ka tarar da ƙura ta haɗu da zare ta yi dunƙule mai kauri a bakin tsagogin alminiyam, ta toshe hanyar iska, fanka na ta juyawa a banza. Ka goge da buroshi, ka hure, kana riƙe da fuka-fukan da yatsa don kada iska ta juya su fiye da ƙima. Tsohon man da ya bushe ya tsattsage, ka goge shi da sifirit da ƙyalle mai tsabta har ƙarfen ya yi ƙyalli. Sabon mai ɗigo ɗaya a tsakiya, wanda bai kai ƙwayar wake ba. Sukurori huɗu a ɗaure su gicciye, kaɗan-kaɗan, kada a gama da ɗaya kafin a taɓa sauran. In ta Intel ce mai ƙafa huɗu, ka danna biyu masu kallon juna har ka ji ƙas, sannan sauran biyun, ka juya madabod ka tabbata farin bakin kowace ƙafa ya ɓullo ta baya, baƙin tsinken ya shige tsakiyarsa. Ƙafa ɗaya da ba ta zauna ba ta isa ta sa zafi ya yi tashin gwauron zabo. Akwatin kuma ya sami fanka mai jawo iska ta gaba da mai fitarwa ta baya, a ɗauke shi daga ƙasa, a fitar da shi daga cikin rufaffiyar durowar tebur.

Daga nan sai awo. Ka kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri tukuna. Ka sa CPU-Z da HWiNFO da Cinebench, duk kyauta ne. Ka kunna Cinebench injin yana yadda kamfani ya bar shi, ka rubuta a littafi zafin ɗaki, zafin farosesa a tsakiyar aiki, gudun da duk ƙwayoyin suka tsaya a kai, bolt ɗin da take sha a lokacin, da makin da ta ci. In tun a nan ka ga digiri 80, magana ta ƙare, babu rarar da za a ɗauka. Ka gaya wa mai injin haka.

In akwai sarari, ka sake kunna injin kana danna Delete ko F2 ka shiga BIOS. Ka nemi inda aka rubuta CPU Ratio, nan ce lambar ninki. Amma kafin ka taɓa ta, ka je Vcore, ka cire shi daga Auto, ka rubuta da hannunka lambar bolt da ka gani a lokacin aiki. Ina jaddada wannan ƙwarai, domin a nan aka fi yin ɓarna ba a sani ba. In ka ɗaga ninki ka bar wuta a Auto, madabod zai ƙara wutar da kansa, kuma yakan zuba fiye da bukata don dai injin ya tashi. Mutum zai rantse bai taɓa wuta ba, alhali farosesarsa tana shan 1.4. Haka maɓallin nan na ƙara gudu da dannawa ɗaya da wasu madabod ke da shi, shi ma wuta yake ambaliya. Agogon tushe a bar shi a 100, domin a injuna da yawa hanyoyin hadis da katin hoto a jikinsa suke rataye, in ka matsa shi kana iya lalata fayiloli. Kariyar zafi kada a kashe ta ko da wa ya ce a kashe. Fanka kuma a saita ta ta kai ƙarshen gudunta daga digiri 70. Za ta yi ƙara, a haƙura da ƙarar.

Sai ka fara daga gudun da duk ƙwayoyin suka tsaya a kai ɗazu, ka ƙara ɗaya, wato megahaz 100. Ryzen ma tana karɓar rubu'i, megahaz 25. F10, ka adana, ka shiga Windows, ka yi gwaji na minti goma zuwa sha biyar idonka a kan zafi. Ya wuce, ka koma ka ƙara ɗaya. Haka za ka yi ta yi har ɗaya daga abu biyu ya faru, ko injin ya nuna kuskure, ko zafi ya kai 80. Kowanne ya riga zuwa, ka koma baya taki ɗaya. A nan ne zuciya za ta ce maka ƙara wuta kaɗan mana. In zafinka bai wuce 70 ba a ɗaki mai zafi, kana iya ƙara bolt 0.0125 ko 0.025 sau ɗaya ko biyu. Fiye da haka ka tuna lissafin ɗazu. AMD ta ambaci 1.35 a matsayin wutar yau da kullum ga Ryzen na farko, amma da fankar kwali zafi zai tsayar da kai tun kafin ka isa can, kuma na baya-bayan nan, da aka ƙera da ƙananan sassa, ba sa jure abin da na farkon suka jure. Za ka kuma lura wuta tana ɗan sauka idan aiki ya yi nauyi. Haka aka tsara ta. Akwai saitin LLC mai rage wannan saukar, a ajiye shi a matsakaici, domin in aka ƙure shi wutar takan yi tsalle sama a lokacin da aiki ya tsaya.

Wata rana za ka adana saiti, allo ya yi baƙi, fanka na juyawa, babu hoto. Kada gabanka ya faɗi, kusan kullum ba abin da ya ƙone. Ka kashe, ka zare filogi, ka cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintoci, ko ka haɗa ƙusoshi biyun da aka rubuta wa CLR_CMOS da bakin sukundireba. BIOS zai koma yadda ya zo. Sai ka gyara kwanan wata da tsarin tashi, ka koma lambar da ta yi aiki a baya. Amfanin littafin ke nan.

Tashin Windows ba shaida ba ce cewa saiti ya zauna. Gwajin gaske sai an ɗauki sa'o'i. Prime95, wadda George Woltman ya rubuta a 1996 don neman wasu manyan lambobi na lissafi, ta zama abin gwajin farosesa ne saboda ta san amsar da ya kamata ta fito, in aka sami saɓani ko na ɗigo ɗaya sai ta tsaya ta faɗa. Zaɓinta na Small FFTs shi ya fi kowanne zafi, a kan 4690K da 'yan'uwanta yana iya kai fankar kwali bango cikin daƙiƙoƙi, don haka kana zaune a wurin, in ka ga 90 ka tsayar. OCCT ma tana yin irin wannan aiki. A HWiNFO akwai layin da ke ƙirga kurakuran WHEA, ya kamata ya zauna a sifili. Bayan nan ka ɗora wa injin ainihin aikin da aka saye shi dominsa. Kuma ka yi duk wannan tsakanin azahar da la'asar, a ɗakin da zai zauna, murfin akwati a rufe.

Dalilin wannan tsanani shi ne, farosesar da saitinta bai zauna ba ba kullum take faɗuwa a gani ba. Wani lokaci lissafi ɗaya za ta kuskure ta wuce, ta rubuta kuskuren a fayil, sai bayan wata guda a buɗe a tarar ya lalace, ba wanda ya san daga ina. Don haka injin da ake riƙe lissafin kuɗin jama'a a kansa, ko bayanan marasa lafiya, ko rajistar jarrabawar ɗalibai a shagon intanet, ra'ayina kada a taɓa shi sam. Asarar da za a yi ba ta mai injin kaɗai ba ce.

Wuta mai yawa kuma tana da wata illa da ba ta bayyana a ranar. Hanyoyin ƙarfen da ke cikin farosesa sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma wuta mai ƙarfi tare da zafi tana ture ƙwayoyin ƙarfen daga mazauninsu a hankali. Bayan watanni sai ka ga gudun da take riƙewa a da ya gagare ta, daga baya ma na kamfani ya gagare ta, kuma ba a gyara wannan. Ko kamfanonin kansu abin ya taɓa su. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun kumbura sun ƙone a soket saboda yawan wuta a wani sashe nasu, har AMD ta ƙayyade shi a bolt 1.3. A 2024 Intel ta amsa cewa yawan wuta yana lalata wasu farosesarta na zubi na 13 da na 14, ta fitar da gyara ta BIOS, ta ƙara wa masu su garantin shekara biyu. In injiniyoyin da suka zana abin za su iya zarce iyaka da ɗan ƙarin wuta, mu da ke saiti a shago ya kamata mu fi su taka-tsantsan. A kuma sani, Intel da AMD duka sun rubuta cewa garanti ba ya ɗaukar lalacewar da ƙara gudu ya jawo.

Ga masu Ryzen daga 3000 zuwa sama, shawarata ta sha bamban da duk abin da na faɗa a kan lambar ninki. Ryzen 5 3600 da kanta tana kai ƙwaya ɗaya 4.2 a aiki mara nauyi. In ka kafe duk ƙwayoyin a 4.0 da hannu, ka kashe wannan dabarar, ka yi asara a yawancin ayyukan yau da kullum. Hanyar da ta fi riba ita ce rage wuta. A Ryzen 5000 akwai Curve Optimizer a ƙarƙashin saitin PBO, inda ake ba da lamba ta ragi har zuwa 30. Ka bar iyakokin wat yadda suke, ka fara da ragin 10, ka gwada, ka ƙara. Wuta ta ragu, zafi ya sauka, farosesa ta ga sarari ta ɗaga gudu da kanta. Da Wraith Stealth a ɗaki mai zafi, wannan ya fi komai amfani. Sai dai matsalarsa takan fito ne a lokacin da injin yake zaune ba ya komai, ko ana ɗan aiki mara nauyi, sai ka ga ya sake tashi da kansa. In haka ta faru, ragin ya yi yawa, a sassauta.

Shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Mai haɗa bidiyon biki ko fim, wanda injinsa ke ɗaukar awa guda kafin ya fitar da aiki, in ya sami ƙarin kashi 15, awar ta koma minti 52. Ga mai fitar da aiki da yawa a rana wannan riba ce ta gaske. Mai buga takardu da shiga intanet kuwa ba zai ga bambanci ba. Sau da yawa ma jinkirin da ake kuka da shi daga wani wuri yake. Injin da ke kan tsohon hadis mai juyawa, a sa masa SSD. Mai RAM sanda ɗaya, a ƙara masa ta biyu su yi aiki tare. RAM na DDR4 da aka rubuta wa 3200 yakan tashi a 2133 ko 2400 in ba a kunna XMP a BIOS ba, kuma Ryzen tana jin wannan sosai. Wanda kuma ya dage sai ya haura inda fankar kwali ta tsaya, ya sayi doguwar fanka mai bututun jan ƙarfe da faɗin milimita 120, kuɗinta bai kai na sabuwar farosesa ba.

'Yan'uwa masu shago, in kun yi wa mutum wannan aiki, ku rubuta lambar ninki da bolt da zafin da kuka gani da watan da kuka gwada a 'yar takarda, ku manna a cikin murfin akwatin, don mai gyaran da zai buɗe bayanku ya san abin da aka taɓa. In a lokacin sanyi aka yi saitin, ku ce wa mai injin ya dawo da shi a farkon bazara a hure ƙura a sake gwadawa, in ya kama a sauke ninkin taki ɗaya har damina ta faɗi.